Inda Ake Kashe Mota

Ku aje filayar nan ku matso, tunda mai motar bai dawo ba kuma rana ta hana mu sakat. Ɗazu na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai aikin wayar mota ba wani aiki ba ne: ja ka haɗa da ja, baƙi ka haɗa da baƙi, ka naɗe da tef, kaset ya kama ruri, shi ke nan. To, sannu gwani. Na kuma san kuna yi mini dariya a bayan ido in na ce a kwantar da mota, maimakon in ce a kashe ta kamar kowa. Kuna zaton tsufa ne. Ba tsufa ba ne, maganar tana da asali, kuma yau za ku ji shi.

Aikin farko da anka ba ni a garejin gwamnati, tun Turawa na nan, shi ne tarar ruwan sama. Maigidana wani mutumin Ikko ne, muna ce masa Baba Lasisi. Da hadari ya haɗu sai ya miƙo mini tasa mai tsabta, ya ce in kai ta tsakar fili, nesa da indararo. Ruwan batir ke nan. In ka zuba wa batir ruwan rijiya, ka gama da shi, ko da rijiyar gidan wa ce. Na daɗe a hannunsa kafin ya bari in taɓa waya. Kayan aikinmu kuwa ba su cika aljihu biyu ba: wuƙa, filaya, sukundireba, ƙarfen dalma da muke gasawa bisa gawayi, sai ƙwan fitila guda da anka liƙa wa waya biyu. Wannan ƙwan shi ne idonmu. In ya kama, akwai wuta. In bai kama ba, babu. Ja da baƙin da kuke taƙama da su, mu ba mu san su ba, don wayar lokacin da zare anka naɗe ta, kuma in ta sha baƙin mai da zafin Sakkwato duk kala ɗaya take komawa. Da hannu kake bin ta, tun daga batir har inda ta ƙare, kana kwance bisa ƙasa tsatsa na zubo maka a ido.

Shekarar da na buɗe rumfata kusa da tasha, ita ce shekarar da ta kusa kore ni daga sana'ar. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya yanke hanyar Gusau, manyan motoci sunka tsaya cik. Ba sabon batir, ba fis, ba ko taƙin waya a kasuwa. Sai mu narke kwaltar da ke bisa matattun batura, mu zaro faifan da ke da sauran rai a wannan da wancan, mu haɗa guda. Rigunana duk ruwan batir ya huda su. Waɗanda munka fara tare, wasu sunka koma facin taya, wani ya koma gona bai sake waiwayo mu ba. Ni dai na zamna ina gyaran tocila da fitilar keke har hanya ta buɗe.

To, aikin da nake son ku ji, na motar Alhaji Garba ne, wani dillalin shanu da ke zaune Ƙofar Dundaye. Motar Ingila ce mai buɗaɗɗen baya, da ita yake zagaya kasuwannin ƙauye, batirinta yana ƙarƙashin kujerar direba. Direbansa Ummaru, dogo, marar yawan magana, mutum ne da ko goro ya tsinta cikin mota sai ya aje wa mai shi. A shekarar da za a ba mu mulkin kai Turawa sun fara haɗa kaya, suna sayar da abin da ba su iya ɗauka. Nan Alhaji ya samu rediyon mota wajen wani Bature, ya kawo mini ya ce, "Haliru, ina son in riƙa jin labarin Kaduna ina bisa hanya."

Kada ku kwatanta shi da waɗannan 'yan falle-fallen da kuke cusawa yanzu. Akwati ne na ƙarfe, sai ka sa hannu biyu za ka ɗaga shi. Cikinsa ƙwayaye ne na gilas, sai sun yi zafi kafin ya yi magana, ga kuma wani ɗan gwangwani da ke kuka ƙasa-ƙasa muddin rediyon na kunne, mu muna ce masa ƙudan zuma. Cin wuta gare shi ba kaɗan ba. Sannan motar Ingila ta zamanin, babban kan batir ake ɗaure wa jikin mota, ba ƙaramin ba kamar yau, in ka juya su kuwa sai dai ka ji ƙauri. Na duba wannan, na haƙa ramin eriya, na sa masa fis ɗinsa daban. Da na gama na ce wa Alhaji abin nan zai iya shanye batir kafin gari ya waye in an manta shi, gara a sa makunnin da ke yanke wutar motar gaba ɗaya. Ya yarda. Na ɗaura makunnin a jikin akwatin kujera: noti biyu na tagulla suna ciki, ƙarƙashin katifar kujera, hannunsa kuma yana waje, wajen dugadugan direba. Hannun nan ana murɗa shi a zare, kamar makulli. In ka zare, mota ta mutu murus, ko ka danna oda ba ta yin ƙara.

Alhaji ya ji daɗin rediyonsa har ya sa anka ɗinka masa mayafi na saƙi don ƙura, ya kuma kafa doka: ba mai taɓa shi sai shi. Ummaru bai damu ba. Nasa dai, in sun dawo da magariba ya shigar da mota rumfar da ke gefen zaure, ya zare hannun makunni, ya leƙa ya ce, "Alhaji, na kashe ta." Haka anka yi ta yi duk bazara lafiya lau.

Da damina ta yi nisa sai ga Ummaru da safe, ana turo masa mota. Batir ya kwana ba wuta. Na ɗaga katifar kujera na aje gefe, na cire batir na yi masa caji, na gwada makunni da ƙwan fitilata. In na zare hannu, ƙwai ya mutu. In na mayar, ya kama. Lafiyarsa lau. Na duba dainamo, yana ba batir wuta. Na mayar da kujera, sunka tafi. Kwana kaɗan sai ga su kuma. Na ba su aron batirin da na san ƙarfinsa, shi ma ya kwana ya tashi fanko. Na kwance makunnin ɗungurungum na buɗe cikinsa, na goge, na mayar. Na bi wayoyin motar ɗaya bayan ɗaya har sai da wuyana ya ƙage. Wallahi ban ga komi ba. A rumfata motar ba ta da ciwo ko kaɗan, sai ta koma gida ta kwana.

Kun san garinmu, abu ba ya rasa mai fassara. Masu zaman ƙofar gidan Alhaji sunka fara raɗa masa cewa direba ne ke dawowa bayan an watse, ya kunna rediyo ya tara abokai suna jin kiɗa. Alhaji ya karɓe hannun makunnin, ya riƙa kwana da shi cikin aljihu. Batir bai fasa mutuwa ba. Sai anka ce ai ga maƙera nan birjik, wa ya san ko ya sa an ƙera masa wani? Rannan da safe Alhaji zai tafi kasuwar shanu, mota ta ƙi tashi, abokan cinikinsa na tsaye suna jira. Nan cikin zaure, gaban mutane, ya dubi Ummaru ya kira shi maci amana. Ya ce saura 'yan kwanaki a yi bikin karɓar mulki, kuma ya yi wa dattawan unguwa alkawarin kai su fili da motarsa. In ranar ta ƙi tashi, Ummaru ya aje makulli ya kama gabansa.

Ku ba za ku gane nauyin wannan ba, don yau direba in an kore shi nan, gobe yana unguwar Mabera yana jan wata. A lokacin masu mota a Sakkwato ba su da yawa, kuma duk sun san juna, masallaci ɗaya suke haɗuwa ran Juma'a. Direban da anka sallama da sunan cin amana ya gama tuƙi a garin nan. Ummaru kuwa ba ya da gona, ba ya da wata sana'a, ga iyali.

Ya ishe ni da la'asar ina gasa ƙarfen dalma. Ya ce, "Malam Haliru, ni ban san waya ba. Amma kullum nan kake duba ta, kuma ba nan take mutuwa ba. Don Allah ka taho ka gan ta inda take kwana." Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ga maganarsa gaskiya ce. Na sa ƙwan fitila aljihu na ce ya tafi, ina nan tafe kafin magariba.

Na riga su isa, na samu dakali na zamna ina kallo. Ladan na fara kiran salla sai ga mota ta shawo kwana. Na ga Alhaji ya miƙa hannu ya rage muryar rediyo har ta ɓace, kamar yadda kowane Musulmi zai yi in ana kira, ya ja mayafin ya rufe. Ummaru ya shiga rumfa, ya zare hannun makunni, ya miƙa masa ya ce, "Na kashe ta." Alhaji ya jefa aljihu bai ko dube shi ba. Munka yi alwala munka shiga sahu.

Da anka sallame na roƙi Alhaji ya taho rumfa, na ce kada kowa ya taɓa komi. Na buɗe ƙofar mota a hankali, ban ɗaga kujera ba, ban fiddo ƙwan fitila ba. Na ɗora tafin hannu bisa mayafin rediyo. Da ɗumi. Na kara kunne, sai na ji ƙudan zuman nan yana ta kukansa. Maɓallin rediyon, shi ke ƙara murya shi ke kashewa, amma sai ka murɗa shi baya har ya ce ƙas. Alhaji yana rage murya ne kawai don kiran salla, bai taɓa kai shi ƙas ba. A da wannan bai dami kowa ba, tunda makunni na yanke komi. Na danna oda. Ta yi ƙara har awakin maƙwabta sunka watse, alhali hannun makunni na cikin aljihun Alhaji.

"To, ka gani!" in ji Alhaji. "Ko makunninka ne banza, ko wani ya yi masa dabara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri kaɗan." Na kama katifar kujera na ɗaga. Kukan ya tsaya. Na danna oda, shiru. Na mayar da katifa mazauninta, kuka ya dawo. Na sake ɗagawa, ya tsaya. Ashe duk gwajin da nake yi a rumfata, da kujera a ɗage nake yinsa, don sai ka ɗaga ta kake kai ga batir, kuma ciwon yana tashi tare da ita. Na fito da katifar waje inda ke da sauran haske, na kifa ta. Can tsakanin ƙarafan da ke ƙarƙashinta, cikin tsumman buhu, ga wata laya an ɗaure da zare, irin ta Buzaye mai kube na farin ƙarfe. Gefenta har ya yi tabo biyu baƙaƙe, daidai faɗin notin makunnina. In an aje kujera sai ta kwanta bisa su biyun ta haɗe su, wuta ta bi ta jikinta ta wuce abinta.

Ni murna nake na gano ciwo. Da na ɗaga kai na ga fuskar Alhaji sai murnar ta koma ciki. Ya ja da baya yana salati, ya nuna Ummaru da yatsa. "Har da asiri? Ƙarƙashin inda nake zama kusa da kai? Mi nay yi maka, Ummaru?"

Ummaru ya ce, "Alhaji, wallahi tallahi ban taɓa ganinta ba." Na ga abin ya wuce maganar kora, yana neman zama abin da za a kai gaban alƙali, ni kuma sana'ata ta tsaya nan. Na iya cewa ga abin da ya sha batir, amma ban iya cewa ga wanda ya sa shi.

Ƙarar odar nan ce ta fito da tsohuwa. Inna Kulu, mahaifiyar Alhaji, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu farkon damina ta dawo birni da zama. Ta taho tana dogara sanda, tana faɗan wa ke firgita mata awaki. Tana ganin abin da ke hannuna ta tsaya.

"Kai yaro, wa ya ce ka ciro ta? Maida ta inda kag gane ta."

Alhaji ya ce, "Inna, kin san ta?"

"Awo, na san ta. Ni nas sa ta. Ta ubanka ce, da ita yay yi ta kai shanu kudu yana dawowa lafiya."

"Inna, don mi?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Don mi? Tun da naz zaka gidan ga, kullum magariba ina jin yaron ga shina cewa ya kashe ta. Da safe ku tashe ta, ka hau, ku tahi daji. Abin da aka kashewa kullum a tayar, shi za ka hau in zura ido? Na tambaye shi inda shika kashe ta, ya gwada mini. Da kunka shiga masallaci na tura hannu nan bisa na ɗaure mata, don ta bar mutuwa."

Ummaru ya dafe kai. "Ƙwarai ta tambaye ni, Alhaji. Na ɗauka kallo takai."

Dariya ta taso mini, na danne ta don ba wurinta ba ne. Na russuna na ce, "Inna, ai layarki ta yi aiki. Tun ran da kika sa ta, motar nan ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Rashin mutuwar ne ya hana ta tashi." Ta ce ita ba ta gane wannan surutun ba, a dai mayar mata da abinta.

Alhaji ya dubi Ummaru. Mutum ne mai zafi amma ba azzalumi ba. Ya laluba aljihu ya fiddo hannun makunnin, ya miƙa wa Ummaru, ya sassauta murya ya ce, "Riƙe. Na zalunce ka, ka yafe mini."

Ummaru bai miƙa hannu ba. Ban taɓa jin ya yi wa maigidansa musu ba sai ran nan, kuma cikin ladabi ya yi shi, idonsa na ƙasa. Ya ce, "Alhaji, na yafe har ga Allah. Amma a zaure kaf faɗa, gaban mutane. Nan rumfa daga mu sai Inna."

Na ce a raina yau mai raba su sai Allah. Tsohuwa ce ta tambayi abin da anka faɗa a zaure, da ta ji, ta buga sandarta ƙasa ta ce, "Garba, mutanen na nan bisa tabarma, ba su watse ba." Alhaji ya juya ya nufi zaure, munka bi shi. Masu raɗar nan duk suna zaune suna jiran tuwo. Ya tsaya bakin ƙofa, a daidai inda ya tsaya rannan, ya ce, "Jama'a, na kira Ummaru maci amana a nan, kun ji da kunnenku. To, ku ji wannan ma. Ban faɗi gaskiya ba. Amintacce ne, ni ne na yi gaggawa." Sannan ya sake miƙa hannun makunnin, Ummaru ya sa hannu biyu ya karɓa.

Washegari na yanko tsohon tib ɗin taya na naɗe layar ruf, na ɗaure ta can bayan kujera inda ba ta taɓa komi, na kuma yi wa notin nan hula da roba. Na nuna wa Alhaji yadda zai kai maɓalli har ya ce ƙas. Inna Kulu ta zo ta duba da kanta, ta ce an nisanta layar da wurin, amma za ta haƙura bisa sharaɗi guda: kada ta ƙara jin an ce an kashe abin da ɗanta ke hawa. Ranar bikin mota ta tashi bugu ɗaya, dattawa sunka cika baya, Ummaru na bisa sitiyari da sabuwar hula.

Wannan kujerar da ke jingine jikin bango, wa ya cire ta? To, in kun gama haɗa sifikun ku mayar da ita, ku rufe ƙofofi, ku gwada motar yadda za ta kwana, ba yadda kunka buɗe ta ba. Ummaru ya tuƙa Alhaji har ƙarfinsa ya ƙare, tsohuwa ta rasu da daɗewa, amma bai sake faɗin waccan kalmar ba. Kullum magariba sai ya zare hannun makunni, ya leƙa zaure gaban kowa ya ce, "Alhaji, na kwantar da ita." A bakinsa na ɗauka.